Muthaiga da dajin Karura: wa ya ba masu kuɗin Nairobi wannan inuwa?

Bakano a Nairobi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abinda ya daɗe yana cin raina tun zuwana garin nan, yau dai na ce bari in kawo shi mu tattauna. Shekara uku kenan kullum da safe ina bin titin Limuru zuwa wajen aiki a Gigiri, inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke, to a hanya sai na ratsa gefen wata unguwa da ake kira Muthaiga kafin in shiga tsakiyar wani daji mai suna Karura. Wallahi in an rufe maka ido an sauke ka a wurin ba za ka ce cikin babban birni kake ba, bishiyoyi sun haɗe kai a sama titi ya yi duhu da rana tsaka, iskar ma daban take, ko gilashin mota ka sauke za ka ji sanyin ya canza ga ƙanshin danyen ganye. Gidajen ba ka ganinsu, sai shingen shuka mai tsawo da get da ɗan ɗakin maigadi, wani gidan da tutar wata ƙasa saboda jakadu da yawa nan suke zaune, har marigayi shugaba Mwai Kibaki gidansa a nan yake. Amma abinda ya sa na kawo maganar, daga shataletalen Muthaiga in ka tsallaka babban titin Thika tafiyar ƙafa ce kaɗan ka faɗa Mathare, gidajen langa-langa a cunkushe cikin kwari, bishiyar da za ka tsaya ƙarƙashinta sai ka nema. Rafi ɗaya suke kai, ruwan da ya wuce ta bayan lambunan Muthaiga shi ne yake gangarawa Mathare. Ni dai na ƙi yarda cewa haka kawai abin ya faɗo, inuwar nan rabata aka yi, kuma ina so masu ilmin tarihi su taya ni warware yadda aka yi rabon.

Malamin Jogirafi:
Wa alaikumus salam. Malam Bakano ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kafin a je ga tarihi a fara da ƙasar kanta, don ita ce ta tsara komai. Nairobi tana kan tudu ne, sama da mita 1,600 daga teku, kuma an kafa ta daidai inda ƙasa iri biyu suka haɗu. Ta gabas da kudu fili ne shimfiɗaɗɗe na ciyawa, ƙasarsa baƙa mai danƙo, da damina ta riƙe ruwa ta zama taɓo da rani ta tsattsage, nan ne makiyayar Masai. Ta yamma da arewa kuwa ƙasa ta fara hawa, tuddai da kwaruruka, jar ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, ruwan sama ma ya fi yawa, nan ne bakin dajin da ya raba Masai da Kikuyu. Sunan garin ma daga Masai ne, Enkare Nairobi, wato ruwa mai sanyi. A 1899 masu shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Victoria suka yi zango a wurin saboda ga ruwa ga fili kafin su fara hawan tudu. Da Turawa suka zauna sai suka lura ƙasan nan fadama ce ga sauro ga annoba a kasuwa, sai suka haye tudu suka bar wa wasu kwari. To Muthaiga a kan ɗaya daga cikin tuddan nan take, rafin Mathare ta kudu, rafin Gitathuru ta arewa, bayan Gitathuru kuma sai daji.

Maman Hanif:
Ikon Allah. Malam to sunan Muthaiga ɗin fa, na Turawa ne ko na 'yan ƙasa?

Malamin Jogirafi:
Na Kikuyu ne Hajiya. Ana danganta shi da wata bishiya da suke kira muthiga, ɓawonta da ganyenta suna da yaji kamar barkono, magani ake yi da su na ciki da na ƙirji, kuma har yanzu akwai ta a Karura. Kin ga tun daga sunan ma wurin ya faɗa miki cewa akwai masu shi kafin a zo a yanka filaye.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na yi kwas a Nairobi shekarun baya, bari in ɗora a kan na Malam. Muthaiga ba gwamnati ce ta fara yanka ta ba, Turawa 'yan kasuwar fili ne suka mallaki wurin suka yanka manyan fulotai suka sayar wa 'yan'uwansu, kuma abin da suka ja hankalin masu saye da shi shi ne kulob. Kulob ɗin Muthaiga an buɗe shi a daren shiga sabuwar shekara, ƙarshen 1913, ginin nan mai ruwan hoda yana nan har gobe. Manoman Turawa daga can cikin ƙasa in sun shigo birni nan suke sauka, nan ake shawarar siyasa nan ake cinikin gona, kuma duk zamanin mulkin mallaka baƙar fata ba ya shiga sai in shi ne kuku ko mai kai abinci tebur. Unguwar ma gari ce mai zaman kanta da hukumarta, sai a 1928 aka haɗe ta da Nairobi. Shi kuwa ɗan ƙasa ba a ɗauke shi mazaunin birni ba sam, ɗan ƙwadago ne da ya zo ya yi aiki ya koma ƙauye, akwai wata takardar shaida da ake kira kipande, a cikin ɗan ƙaramin gwangwani ake sa ta ya rataya a wuya, da zanen yatsunsa da sunan ubangidansa. An ware musu unguwar Pumwani a gabas wajen 1922, aka rushe tsohuwar unguwarsu ta Pangani a 1938 aka kwashe mutanenta, Indiyawa kuma aka bar su a tsakiya su Ngara da Parklands. To ɗana Bakano amsarka kenan, an ba mutum ɗaya eka guda ko fiye ya shuka abin da ya ga dama, an ba iyali guda ɗaki ɗaya. Bishiya tana son fili da shekaru da kwanciyar hankalin cewa gobe ba za a tashe ka ba, wanda katafila ke iya zuwar masa kowane lokaci ba ya dasa abin da sai bayan shekara ashirin zai sha inuwarsa.

Bakano a Nairobi:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganarka ta ƙarshe ta tuna min wani abu da abokin aikina ya faɗa min, wai Kibera, babbar unguwar talakawan nan ta kudu maso yamma, asalin sunan kibra ne da harshen Nubiyawa, sojojin da Turawa suka kawo daga Sudan aka zaunar da su a wurin, kuma ma'anarsa daji. Wato can ma dajin ne a da. Yau ka je ka gani, rufin kwano ne iya ganinka.

Sadauki:
Ku yi haƙuri ni fa ban yarda da yadda ake ɗora komai a kan Bature ba. Kenya ta samu 'yanci ranar 12 ga Disamba 1963, yau sama da shekara sittin, waye a Muthaiga yanzu? Ministoci ne da manyan 'yan kasuwa baƙaƙe irinmu, sun shiga gidajen sun ƙara tsawon katanga. In da gaske zalunci ne me ya hana su gyara. Na biyu kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, da ba masu kuɗi ne suka kewaye dajin nan ba da tuni an yi gawayi da shi, talaka da ke neman itacen girki ba ruwansa da wani kare muhalli, ba don mugunta ba, yunwa ce. Masu kuɗin su ne suka tsare shi.

Baba Mai Ritaya:
Rabin farko na maganarka gaskiya ne ɗana, ba wanda zai musa, launin masu gidan ne ya canza tsarin bai canza ba. Amma rabi na biyu ka juya tarihin a kife. Waɗanda suka kusa cinye Karura ba masu gatari da gammo ba ne, masu biro ne.

Ummu Aisha:
Yawwa Baba, dama nan nake jira a zo. Yaya Sadauki dan Allah ka saurara. An ayyana Karura dajin gwamnati tun 1932, girmansa ya ɗan haura hekta 1,000. A shekarun 1990 zamanin shugaba Daniel arap Moi sai aka riƙa yanka shi a ɓoye a takarda ana raba wa wasu kamfanoni da ba wanda ya san masu su, mutane ba su farga ba sai a 1998 da aka ga an shiga da manyan motoci ana share wuri ana fitar da tituna za a gina rukunin gidajen alfarma. Wadda ta tsaya a gaba mace ce, Farfesa Wangari Maathai, 'yar ƙauye daga yankin Nyeri, haihuwar 1940, ita ce mace ta farko da ta yi digirin digirgir a gabashi da tsakiyar Afirka, kuma tun 1977 ta kafa ƙungiyar Green Belt ta mata masu dashen itatuwa. Makamin da ta shiga dajin da shi dashe ne da bokitin ban ruwa, in an sare su dasa. A watan Oktoba 1998 masu zanga-zanga suka ƙona kayan aikin 'yan kwangila. Ranar 8 ga Janairu 1999 ta koma da 'yan majalisa da 'yan jarida za ta dasa bishiya a bakin get, sai ƙartin da aka ɗauko haya da bulala da adda da kwari da baka suka far musu, aka fasa mata kai, ita da bakinta ta ba da labarin cewa da jinin da ke zuba daga kanta ta sa hannu a takardar ƙorafi a ofishin 'yan sanda. Daga nan ɗaliban jami'a suka fito aka yi kwanaki ana artabu a titunan Nairobi, Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ma ya yi tir da dukan, sai a watan Agusta 1999 Moi ya ba da sanarwar hana rabon filayen gwamnati. To Yaya faɗa min, a cikin waɗanda aka fasa wa kai da waɗanda suka sha hayaƙi mai sa hawaye, nawa ne masu gida a Muthaiga? Matan ƙauye ne da ɗalibai. Su kuwa masu son filin ai so suke su yi wata sabuwar Muthaiga a kan dajin.

Sadauki:
Toh Hajiya na karɓi wannan, ban san labarin ya kai haka ba, na san dai ta ci kyautar Nobel a 2004. Amma ki ba ni amsar wannan, bayan an kori 'yan kwangila dajin ya zauna lafiya? Abinda na ji shi ne ya koma maɓoyar 'yan fashi har gawa ake yarwa a ciki, sai da matar jakadan Birtaniya ta shigo aka sa waya. Ashe dai sai da manya suka sa hannu.

Ummu Aisha:
Haka ne, wannan ba zan musa maka ba. Kusan shekara goma mutane tsoron wurin suke. A 2005 aka yi dokar daji da ta ba jama'ar da ke maƙwabtaka da daji damar kafa ƙungiya su yi aiki tare da hukuma, a 2009 aka kafa ƙungiyar abokan dajin Karura, kuma Alice Macaire matar jakadan Birtaniya na lokacin tana cikin waɗanda suka ja gaba, aka tara kuɗi aka kewaye shi da waya mai lantarki aka ɗauki masu gadi, da yawansu daga Huruma, wata 'yar unguwar talakawa da ke manne da dajin. Amma ka lura da jerin abin, da ba a zubar da jini a 1999 ba, a 2009 babu dajin da za a sa wa waya.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku tun ɗazu kuma wallahi kamar labarin Yamai kuke ba ni. Mu ma muna da abin da ake ce ma santir bert, dajin da aka dasa tun 1965 ya kewaye birni ta gabas da arewa don ya tare iska da ƙura, yawanci bedi ne, kusan hekta 2,500. Ku je ku gani yanzu, lotisma, wato rabon filayen gini, ta cinye mafi yawa, an yanka parsel an saida, wani wurin ya zama juji. Ba mu samu wadda za ta tsaya a fasa mata kai ba. Kuma kartiyen Plato da Faransawa suka yi ma kansu bisa tudu kusa da kogi shi ne mai manyan itace har yau, kun ga hannu ɗaya ne ya yi zanen ko da harshe ya bambanta.

Malamin Jogirafi:
Ɗan Maraɗi ka kawo mu gida. Kuma akwai wata igiya da ta haɗa Nairobi da mu kai tsaye wadda mutane ba su cika sani ba. Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi, kafin ya zo mana a gabashin Afirka ya yi aiki, shi ne a 1890 ya kafa sansani a Dagoretti, gefen Nairobi ta yanzu, ya ƙulla amana da wani jagoran Kikuyu mai suna Waiyaki, wanda daga baya a 1892 Turawan kamfanin Birtaniya mai iko da yankin suka kama shi ya mutu a hanyar kai shi gaɓar teku, babban titin da ya fita yamma daga Nairobi sunansa aka sa. Shi Luggan nan ne a Najeriya ya yi dokar garuruwa ta 1917, aka ware unguwar Turawa, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa ba a gini a ciki, hujjarsu wai kar sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Asalin GRA kenan, Nasarawa a Kano da ta Kaduna da sauransu, manyan filaye da maɗaci da darbejiya a jere bakin titi. Bambancin kawai shi ne mu dasa itatuwan aka yi, su kuwa a Muthaiga daji suka tarar suka shiga gefensa.

Maman Hanif:
Allah sarki maɗatan Kano. Ina yarinya in muka bi ta Nasarawa a mota har sanyi muke ji, yanzu an sare da yawa an faɗaɗa titi, gidan da ke da fili ɗaya an tsaga shi gida shida an malale tsakar gidan da siminti. Ni kam ko masu kuɗi ne suka riƙe Muthaiga na gode musu da ba su yi mata haka ba.

Injiniya:
Ina da gyara kaɗan don kar a ɗauka Karura dajin asali ne tun fil azal ba a taɓa shi ba. Jiragen ƙasan farko da itace suke aiki ba da kwal ba, saboda haka an sare itatuwan gargajiya da yawa a kewayen Nairobi aka dasa turare daga Ostareliya da wasu baƙin itatuwa masu saurin girma don wutar jirgi da katako. Har yanzu babban ɓangare na dajin irin waɗannan ne, kuma aikin da ake yi yanzu shi ne a cire su sannu a hankali a mayar da na gida, shi ya sa wani lokaci za ka ga ana sare turare mutane su tayar da hankali a intanet su ce an dawo cin daji. Turare yana shan ruwa sosai kuma ba ya barin komai ya tsiro a ƙarƙashinsa, in ka shiga ɓangarensa shiru za ka ji, in ka shiga ɓangaren na gida kuwa kukan tsuntsaye kamar kasuwa, an ƙirga sama da iri 200.

Bakano a Nairobi:
Injiniya wannan na gani da idona. Ranar wata Asabar cikin watan Yuli, lokacin sanyinsu kenan, na kai yarana. Tun a get aka buɗe jakarmu aka ce ba a shiga da robar ruwa ta yarwa, sai da muka juye a gora. Mun bi wata siririyar hanya jar ƙasa tana manne wa takalmi, muka gangara kwari har inda rafin Karura yake zubowa daga kan dutse, tsawon wajen mita 15, ruwan ja-ja saboda ƙasar da ya kwaso. Gaba kaɗan akwai koguna a jikin dutse waɗanda ake cewa mayaƙan Mau Mau, 'yan ƙasar da suka yi wa Turawa tawaye, sun ɓuya a ciki lokacin dokar ta-ɓaci da aka sa a 1952, ciki duhu ga warin jemage, ƙaramin ɗana ya riƙe min riga gam. Ina tsaye a bakin kogon nake lissafi, daga nan zuwa kulob ɗin da Baba ya faɗa bai fi tafiyar ƙafa ba, wato masu neman 'yanci suna kwance cikin rami a bayan gidan waɗanda suke yaƙa. Muna fitowa sai ga birai masu baƙi da fari, jelarsu kamar an ɗaura farin buzu, suna tsalle a can ƙololuwa, mai gadin ya ce ba 'yan wurin ba ne, daga wajen tsaunukan Aberdare aka kwaso su tun daga 2014 saboda gonaki sun cinye dajinsu, kuma sun hayayyafa. Mun ga gada ma ta tsallaka hanya ba ta ko kula mu ba.

Ɗan Talaka:
Duk na ji, kuma abin sha'awa ne, amma Malam Bakano nawa ka biya a get? Ba sai ka faɗa ba, na san an biya. To matar Mathare da ke wankau a gidajen Muthaiga ta samu na abincin yini da ƙyar, za ta ɗebi 'ya'ya huɗu ta biya musu kuɗin shiga su je kallon biri? Kakarta da a dajin nan take samun itace da ganyen magani kyauta. Yanzu an sa waya mai lantarki, masu gudun motsa jiki da masu yawo da karnuka da masu keke su ne a ciki. Matan ƙauye sun sha duka, masu kuɗi sun samu wurin shaƙatawa a bayan gida, darajar filayensu ta ƙaru. Ni wannan ne yake min zafi.

Ummu Aisha:
Ɗan'uwa zafinka na gaskiya ne, ni ma ina jinsa. Sai dai ka haɗa da wannan, kuɗin ɗan ƙasa ba ɗaya yake da na baƙo ba, nasu kaɗan ne, kuma ana kawo 'yan makaranta cikin motoci daga unguwanni daban-daban, da kuɗin get ɗin ake biyan masu gadi da masu rainon dashe 'yan Huruma. Kafin waya matar da kake magana ba ta isa ta shiga ita kaɗai ba ko da rana, fyaɗe da ƙwace ake yi. Ban ce an gama adalci ba, amma daji mai get da kowa zai iya shiga da ɗan kuɗi ya fi gidaje masu get da ba mai shiga sai mai aiki.

Ɗan Talaka:
Ya fi, ban musa ba Hajiya. Amma me zai hana a ware rana ɗaya a mako kyauta ga mutanen Mathare da Huruma, tunda ruwan da ya fito daga dajin su yake fara ci in ya yi ambaliya. Ku tuna Afrilun 2024, rafin Mathare ya cika cikin dare ya tafi da mutane suna barci, bayan nan gwamnati ta zo ta rushe gidajen da ke cikin mita 30 daga bakin rafi. Waɗanda ruwa ya bari katafila ta ƙarasa.

Injiniya:
A kan ambaliyar nan, dajin taimako yake yi ba cuta ba, ƙasar daji tana shanye ruwa ta sake shi a hankali. Matsalar daga sama take, su Ruaka da sauran wuraren da a da gonakin kofi ne yanzu duk benaye da kwalta, Runda ma ai gonar kofi ce aka mayar unguwa. Ruwan da ƙasa za ta sha yanzu gudu yake yi kai tsaye zuwa kwari, kuma Mathare tsohon wurin fasa dutse ne, rami ne, mutane sun zauna a ciki ne don ba su da inda za su. Da an gine Karura a 1999 da abin da ya sauka a kansu ya fi haka.

Baba Mai Ritaya:
Kafin in tashi sallah, akwai gini ɗaya a Muthaiga da nake so ku sani don kar a ce ba a faɗi alherin wurin ba, asibitin yara na Gertrude, tun 1947 yake. Wani Bature Ewart Grogan ne ya ba da gidansa don tunawa da matarsa, mutumin da ya yi suna da ratsa Afirka daga Cape zuwa Alƙahira, kuma shi ɗin dai an san shi da tsananin wariya har ya taɓa yi wa ma'aikatansa bulala a bainar jama'a a gaban kotun Nairobi a 1907. Yau 'ya'yan baƙar fata ne cike da asibitin. Ita kuma Wangari da ta rasu ranar 25 ga Satumba 2011 ta bar wasiyya kar a sare bishiya don yi mata akwati, da gora da ciyayin ruwa aka saƙa shi. Titin da a da ake kira Forest Road yanzu sunanta yake ɗauke da shi.

Sadauki:
Allah ya saka Baba. Ni dai har yanzu ina kan cewa ba don ofishin muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya yana manne da dajin a Gigiri ba, da jakadu suna kallo ta taga, da Moi bai ja da baya ba ko an fasa kai ɗari. Dazuka nawa aka cinye a Kenya a shekarun nan ba wanda ya ji labari, dajin Mau ma da ya fi shi girma nesa ba kusa ba an yanka shi.

Ummu Aisha:
Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya, idon duniya ya taimaka. Amma jakadun suna nan lokacin da ake yanka shi a takarda shekara da shekaru ba su ce uffan ba, sai da ta fito.

Maman Hanif:
Malam Bakano maigidana zai zo taro Nairobi wata mai zuwa, kwana huɗu zai yi, ta wace ƙofa ya fi sauƙin shiga kuma akwai wurin sallah kusa?

Bakano a Nairobi:
Hajiya in a Gigiri taron yake ya shiga ta ƙofar titin Limuru, ita ce kusa, in kuma koguna da wurin zubowar ruwan yake so ya gani da sauri to ta titin Kiambu ma ana shiga. Ya je da safe kafin rana ta ɗaga, ya sa takalmi mai rufi saboda jar ƙasar nan in an yi ruwa santsi take, ya riƙe fasfo ɗinsa da gorar ruwa ba roba ba. Masallatai akwai su a Parklands ba nisa. Ki ce ya yi min magana ta akwati in ya sauka, in Allah ya yarda ni zan kai shi, daga nan mu tsallaka titin Thika in nuna masa Mathare ma, akwai wani abokin aikinmu ɗan can da zai raka mu.